Yadda na auna ƙimar lafiya da EQ-5D a tsakanin Hausawan Legas

Mahaifina ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga, kuma ni ne mai kai shi asibiti tun ina ɗalibi. Duk zuwan da za mu yi, a soki yatsarsa, a gwada hawan jini, a ɗora shi a kan sikeli, a rubuta lambobi a kati. Ban taɓa jin an tambaye shi ko har yanzu yana iya takawa daga gida zuwa masallaci ba, ko yana iya tsayuwar salla ba tare da ya nemi kujera ba, alhali su ne abubuwan da ke hana shi barci. Shi ya sa da na koma karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a nan Legas a 2022, aka ce kowa ya kawo batun bincike, ban yi dogon tunani ba. Na ce ina so in auna ingancin rayuwar masu ciwon suga a cikin Hausawan Agege, inda aka haife ni, da na unguwar kasuwar Mile 12. Aikin ya ci mini fiye da shekara. Yajin aikin jami'o'i na waccan shekarar, wanda ya kama daga Fabrairu har Oktoba, ya cinye nasa rabon, amma sauran jinkirin rashin sanin hanya ne. Yanzu ƙannenmu da ke shigowa wannan fanni suna kirana da tambayoyi iri ɗaya, sai na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru.

Ranar da na fara zama da malamar da ke duba aikina, ta karanta shafi biyun da na kawo, ta ɗago kai ta tambaye ni: halin da marasa lafiya suke ciki nake so in auna, ko kuwa yadda mutane suke ƙimanta wannan halin? Na ce ai duk ɗaya ne. Ta ce in je in dawo bayan mako biyu. A cikin makonnin nan ne na gane inda na yi tuntuɓe, kuma a nan kusan kowa yake yin nasa. Takardar EQ-5D, wadda ake auna ingancin rayuwa da ita, tambaya biyar ce kawai: tafiya, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ayyukan yau da kullum, ciwo ko rashin jin daɗin jiki, sai damuwa ko baƙin ciki. A tsohon samfurin, wanda ya fito a 1990, kowace tambaya tana da amsa uku: babu matsala, akwai ɗan matsala, matsalar ta yi tsanani. Idan mutum ya amsa, sai ka sami lamba mai gida biyar. Mai cikakkiyar lafiya 11111 ne, wanda komai ya tsananta gare shi 33333, gaba ɗaya yanayi 243 ne za su iya fitowa. A bayan takardar kuma akwai ma'auni mai kama da rula daga 0 zuwa 100, inda mutum zai nuna da kansa yadda yake jin lafiyarsa a yau. To ita wannan lamba mai gida biyar ba maki ba ce, suna ne kawai na halin da mutum yake ciki. Makin yana zuwa ne daga wani jadawali dabam, wanda aka haɗa ta hanyar tambayar jama'ar gari, mafi yawansu masu lafiya, yadda suke ganin rayuwa a cikin kowane hali. Wato marar lafiya shi ke faɗin abin da ke damunsa, amma wasu mutane ne suka yanke nauyin abin.

A wannan jadawali cikakkiyar lafiya 1 ce, mutuwa 0, kuma akwai yanayin da ke faɗawa ƙasa da sifili, wanda mutanen da aka tambaya suka ga ya fi mutuwa muni. Da makin ne ake lissafa abin da ake kira QALY, wato shekarar rayuwa da aka auna da ingancinta. Wanda ya yi shekara biyu a halin da makinsa 0.5 ne, a lissafi shekara ɗaya ya samu. Ba wasan lissafi ba ne. A Ingila hukumar NICE, mai tantance magunguna, ta yi shekaru a baya tana duba ko sabon magani zai samar da QALY ɗaya a kan kuɗin da bai wuce fam dubu 20 zuwa dubu 30 ba kafin ta ba da shawarar gwamnati ta saya. Mu ma a nan, tunda aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a watan Mayun 2022, ga kuma shirin inshorar lafiya na Ilera Eko na jihar Legas, dole wata rana wani ya zauna ya zaɓi magungunan da za a biya wa talaka da waɗanda ba za a biya ba. Idan irin wannan lissafi zai shiga cikin zaɓin, to ya kamata mu san ra'ayin wa aka zuba a ciki.

Mataki na gaba shi ne neman izinin amfani da takardar, kuma a nan na yi kuskure na biyu. Na ga kwafinta a intanet, na sauke, har na fara juya ta zuwa Hausa da kaina a cikin littafina. Malamar ta dakatar da ni. Takardar mallakar gidauniyar EuroQol ce da ke Rotadam a ƙasar Holan, kuma su ne ke riƙe da fassarorinta, domin kalma ɗaya idan ta sauya, amsoshinka ba za su ƙara daidaita da na kowa a duniya ba. Ana shiga shafinsu ne a yi rajistar binciken: sunansa, yawan mutanen da za a tambaya, irin cutar, harshen da ake so, a takarda za a yi ko a waya, da kuma wanda ke ɗaukar nauyin aikin. Tunda nawa na makaranta ne, ba na kasuwanci ba, ko kwabo ban biya ba. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo da takardun, na riƙe su yadda suka zo, ko wasali ban taɓa ba. Ka adana wannan saƙo da kyau, domin a gaba za a nemi ka nuna shi. A nan ne kuma za ka yanke shawara tsakanin mai amsa uku da sabon samfuri mai amsa biyar, wanda ke fitar da yanayi 3,125 kuma ya fi kama ƙananan bambance-bambance. Ni mai uku na ɗauka, saboda dattawan da zan tambaya, da kuma dalilin jadawali da zan faɗa yanzu.

A lokacin babu jadawalin maki na Najeriya. Abin da ɗalibai suka saba yi shi ne su ɗauko na Birtaniya, wanda aka tattara a 1993 daga mutum sama da dubu uku aka wallafa a 1997, ko na Zimbabuwe da ya fito a 2003, wanda aka haɗa daga mazauna wata unguwa mai cunkoso a Harare. Habasha da Yuganda suna da nasu, amma na samfuri mai amsa biyar ne. Wani dare na zauna na gwada da halin mahaifina: yana ɗan wahalar tafiya, yana wanka da kansa, wasu ayyukan sun fara gagararsa, ƙafafunsa suna yi masa zafi, amma bai ce yana da damuwa ba. Wato 21221. A jadawalin Birtaniya, daga 1 za ka cire 0.081 saboda ba cikakkiyar lafiya ba ce, ka cire 0.069 na tafiya, 0.036 na ayyuka, 0.123 na ciwo, ya rage 0.691. A na Zimbabuwe kuwa 0.734 ya ba ni. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, maki biyu. A can ƙarshe bambancin ya fi haka nisa: 33333 a Birtaniya 0.594 ne ƙasa da sifili, a Zimbabuwe 0.145 ne ƙasa da sifili. Na daɗe ina kallon takardar. Washegari na koma wurin malamar na ce ina so in ƙara wani ƙaramin sashe, in tambayi Hausawa masu lafiya su ƙimanta wasu yanayi kaɗan da kansu, ko don in ga inda ra'ayinsu ya dosa. Ta amince, amma ta gargaɗe ni cewa wannan ba zai zama jadawalin Najeriya ba, kuma kwamitin ɗa'ar bincike zai sa mini ido sosai.

Haka kuwa aka yi. Dokar ƙasa ta ce duk binciken lafiya da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin ka tambayi ko mutum ɗaya. Abin da suka nema a wurina: cikakken tsarin binciken, takardar amincewa da Turanci da Hausa, shaidar cewa wani dabam ya mayar da Hausar zuwa Turanci an ga ma'ana ba ta kauce ba, takardun tambayoyin, saƙon izinin EuroQol, wasiƙar shugaban sashe, tarihin karatuna da na malamata, rasidin biyan kuɗi, da takardar shaidar horo a kan ɗa'ar bincike. Wannan ta ƙarshen ban san da ita ba sai da na tsaya a gaban teburin sakatariya da fayil a hannu. Ana yin horon a intanet, na wani shafi mai suna TRREE kyauta ne, amma yana cin kwana biyu zuwa uku idan da gaske za ka karanta. Kafin in gama, ranar rufe karɓar takardu ta wuce, kwamitin kuma sau ɗaya yake zama a wata. Haka na rasa wata guda cur a kan takarda ɗaya. Kuɗin dubawa naira dubu ashirin na biya a lokacin, ban da buga kwafi-kwafi da ɗaure su, ban da kuɗin mota daga Agege, wanda duk wanda ya san gosulon hanyar Oshodi ya san zuwa ɗaya yini ne. Ka kira ofishin ka tambayi kuɗin da ranar zama kafin ka fito, don suna canzawa.

Bayan mako shida amsa ta zo, ba amincewa ba ce, tambayoyi ne. Raina ya ɓaci a ranar, amma da na huce na ga duk suna kan hanya. Me zan yi idan tambayar mutuwa ta tayar wa wani da hankali? Wa zai zama shaida idan mutum bai iya karatun boko ba, zai dangwala yatsa? Me zan ba mutane, kuma kada ya yi yawan da zai zama kamar sayen amsa? Na rubuta cewa kowa na da damar tsayawa a duk inda ya so, na samo wata ma'aikaciyar jinya da ta yarda a tura mata duk wanda abin ya taɓa, na ce sabulu da katin waya kaɗai zan bayar. Na ƙara wani abu da ba su nema ba: na kai takardar amincewar wurin wani malamin allo a unguwarmu ya rubuta mini ita da ajami. Wannan ya yi mini rana fiye da yadda na zata, domin dattijon da zai kau da kai idan ya ga boko, da ya ga ajami sai ya gyara zama ya karɓa da hannu biyu ya karanta da kansa. Amincewar ta fito a ƙarshen shekara. Sai kuma na tarar izinin kwamiti dabam, izinin asibiti dabam. Na sake rubuta wasiƙa ga shugaban asibitin, na jira mako biyu, sannan aka haɗa ni da babbar nas ta sashen masu suga.

A watan Janairun 2023 na fara. Ranar asibitin masu suga nakan isa kafin bakwai na safe, domin mutane suna zuwa ba su karya ba saboda gwajin jini, kuma da zarar sun ga likita ba mai tsayawa. Lokacin jiran layi shi ne nawa. Matsalar farko da na ci karo da ita tarbiyyarmu ce. Ka tambayi Bahaushe ya jiki, ko a kwance yake zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wata Hajiya da jikanta ya turo a keken guragu, na karanta mata tambayar tafiya, ta ce, "Lafiya lau, ɗana, mun gode Allah." Ba ƙarya take yi ba, godiya take yi. Abin da na koya shi ne in bar gaisuwa ta ƙare tukuna, in amsa mata yadda ya kamata, sannan in ce, "Hajiya, yanzu kuma tambayar takarda ce. Zan karanta miki magana uku, ki zaɓi wadda ta fi kama da yadda kike a yau ɗin nan." Sai in karanta ukun duka, a hankali, ba tare da na nuna mata wadda nake zato ba. Ta zaɓi ta biyu a tafiya, ta uku a ayyuka. Da muka zo kan rula kuwa, ta ɗora yatsa a kan 100. Na sake bayani, ta ce ta gane sarai, tunda tana numfashi tana kuma gane 'ya'yanta, ɗari ne. Na rubuta 100. Ba aikinka ba ne ka gyara wa mutum amsarsa, kuma wannan tazara tsakanin rula da makin jadawali ita kanta sakamako ce.

Tambayar damuwa ma ta ba ni aiki, don a daidai lokacin ne aka shiga ƙarancin takardun naira. Mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna cire kaso mai tsoka kafin su ba ka kuɗinka, ni kaina sau biyu na fasa fita saboda ba ni da tsabar kuɗin mota. Ka tambayi mutum ko yana da damuwa a irin wannan wata, sai ya yi maka kallon mamaki. Ban canza tambayar ba, amma na rubuta ranar kowace hira, kuma na faɗi halin da gari yake ciki a rahotona, don wanda zai karanta ya san a wane yanayi aka amsa.

Sashe na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Kafin in tambayi kowa a kasuwa, na je na gaida shugabannin 'yan kasuwar, na yi bayani, na nuna takardar kwamiti, suka haɗa ni da wani matashi da ke zagayawa da ni. A Mile 12 kada ka je da safe, lokacin sauke tumatir da tattasai da albasa ne daga motocin Arewa, ba mai sauraronka. Bayan la'asar ne mutane ke zama. Hanyar da ake bi ana iya kiranta cinikin shekaru. Na yi allo da kwali mai layi biyu. Layin ƙasa rayuwa ce ta shekara goma a cikin wani hali, misali mutum yana ɗingishi kuma ciwo ba ya barinsa, daga nan sai mutuwa. Layin sama rayuwa ce cikin cikakkiyar lafiya, amma ana iya rage tsawonta da wani ɗan kwali da nake ja. Sai in tambaya: wacce ka fi so? Idan duka goma-goma ne, kowa lafiya zai ɗauka. Sai in ja zuwa biyar, in ya ƙi in ƙara, in ya karɓa in rage, har mu kai inda zai ce duk ɗaya ne a wurinsa. Idan a shekara bakwai ya tsaya, makin wannan hali a wurinsa 0.7 ne. Wani mai albasa ya gane abin nan take, ya ce ai tayi ne, ya dinga ja da ni rabin shekara rabin shekara kamar muna cinikin buhu. Wani ɗan acaɓa da ya koma dako bayan hana babura a wasu sassan Legas a 2022, duk halin da aka ce ba tafiya sai ya sallama shekaru da yawa, amma a kan ciwo da ƙyar ya ba da ɗaya. Ya ce ciwo ana daurewa a fita nema, ƙafa kuwa ita ce jarinsa.

Sai na zo kan wani dattijo mai goro a Agege, sa'an mahaifina. Ya saurare ni har na gama, yana jera goro a kan ganye yana yayyafa ruwa. Da na ja kwalin zuwa biyar, ya ɗora hannunsa a kan nawa ya mayar da shi goma. Ya ce, "Ɗana, shekarun naka ne da za ka rage mini? Wanda ya ba ni su bai yi shawara da ni ba." Na ce, "Baba, misali ne kawai." Ya ce ya sani, amma ko a misali ba zai sayar da kwana ɗaya ba, domin wataƙila a wannan kwanan ne zai yi istigfarin da za a karɓa. Na gwada da hali mafi tsanani, mutum a kwance, ba ya iya wanka, ciwo mai tsanani. Amsarsa ba ta motsa ba. A lissafi wannan yana nufin duk yanayin da na nuna masa makinsa 1 ne, daidai da cikakkiyar lafiya, alhali shi da kansa ya ce kwanciya jarrabawa ce babba. Ba shi kaɗai ba ne, na sami irinsa da dama, musamman cikin manya. Abin ya dame ni har na dakatar da aikin na je wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya tuna mini hadisin da ya hana mutum burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya ce daga nan ne dattawan suke magana kuma suna da hujja. Ya ce a ganinsa kwatanta hali da hali don a san inda za a kai magani ba burin mutuwa ba ne, amma kada in matsa wa kowa.

Na sake rubuta gabatarwar, na sa a ciki cewa rai da ajali na Allah ne, ba wanda ake nema ya zaɓi mutuwa, ana so ne a gane wace lalura ta fi wata nauyi a idon mutane. A nan akwai abin da ya kamata ka sani: duk canjin da ka yi a abin da kake karanta wa mutane sai ka mayar wa kwamiti sun amince. Na rubuta takardar gyara, na jira mako uku, kuma hirarrakin da na yi kafin gyaran na ware su dabam. Sabuwar gabatarwar ta sa wasu sun saki jiki, wasu kuma ba su canza ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Tambayar halin da ya fi mutuwa muni ita na fi jin nauyin yi. Yawanci da na kawo ta sai a ce subhanallahi, a girgiza kai, mu wuce. Amma wata mata mai sayar da abinci, wadda ta yi jinyar uwar mijinta shekaru tana kwance, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ta yi shiru mai tsawo tana goge hannu da gefen zaninta. Sannan ta ce a hankali, ba don kanta take tsoro ba, don wanda zai yi jinyarta ne. Ta zaɓi gajeriyar rayuwa, ta ce Allah ya yafe mata idan ta yi kuskure. Na rufe allon, muka yi hirar wani abu dabam har ta dawo daidai, na ba ta lambar ma'aikaciyar jinyar nan. A ranar ban ƙara tambayar kowa ba. Kada ka yi irin wannan hira fiye da huɗu ko biyar a yini, kuma kada ka yi ta a tsakiyar mutane, domin a gaban jama'a kowa amsar da za a yaba masa zai bayar. Na samu na kammala kwana kaɗan kafin azumi ya kama a ƙarshen Maris.

Wajen lissafi, kuskuren da na ga abokan karatuna suna yi shi ne tara lambobin nan biyar. Ba a tarawa. 21211 da 11113 duk bakwai za su ba ka, amma a jadawalin Birtaniya na farko 0.814 ne, na biyu 0.414, saboda matsala ɗaya mai tsanani ta fi ƙanana biyu nauyi nesa ba kusa ba. Takardar da aka tsallake tambaya ɗaya a cikinta ba ta da maki, don haka ka duba kowace kafin mutum ya tashi. Ni na lissafa makin marasa lafiyata da jadawalin Zimbabuwe, na sake da na Birtaniya, na nuna duka biyun gefe da gefe. Su kuma waɗanda suka ƙi cinikin shekaru, an ba ni shawarar in cire su a matsayin waɗanda ba su gane tambaya ba. Ban yarda ba, kuma malamata ta goya mini baya. Baba mai goro ya gane tambayar fiye da yadda na gane ta ranar da na fara. Na kawo sakamakon da su, na kawo ba su, na faɗi dalilin da suka bayar da bakinsu.

Ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a tambaya ɗaya ya daɗe a kanta: wannan maki da na ba marasa lafiyar Agege, ra'ayin wa ne? Na ce na mutanen Harare ne da na Birtaniya, kuma ɗan abin da na tattara a kasuwa bai isa ya maye gurbinsu ba, domin jadawalin ƙasa ana haɗa shi ne da mutum wajen dubu da aka zaɓo su wakilci ƙasar gaba ɗaya, da masu tambaya da aka horar ana bin sawun aikinsu. Ya gyaɗa kai ya ce in rubuta hakan a fili a babin ƙarshe. Da zan sake daga farko, horon ɗa'a zan fara yi tun kafin in rubuta komai, in yi rajistar EuroQol a makon farko, in duba ko an sami sabon jadawali da ya fi kusa da mu kafin in zaɓi samfuri, in nemi izinin asibiti tare da na kwamiti a lokaci guda, in kuma gwada allon a kan dattawa biyar na gida kafin in kai gabatarwar gaban kwamiti, da ban yi jiran gyara ba.

Na yi wa shugabannin kasuwa alkawarin zan dawo in faɗa musu abin da na samu, kuma bayan sallar layya na koma da shafi ɗaya da Hausa, boko a gaba, ajami a baya. Na biya ta rumfar Baba mai goro na ba shi nasa. Ya karanta har ƙasa, ya tambaye ni ko an rubuta cewa akwai waɗanda suka ƙi. Na nuna masa layin. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya zaɓo fararen goro guda uku ya ƙulle a ganye, ya ce in kai wa mahaifina, in kuma tambaye shi ya ƙafar.